Tarihin Likita Osuntokun, Wanda Ya Bi Sawun Cuta Har Bakin Tukunya

Babu ɗayanmu da bai san garin kwaki ba. Ɗan makarantar kwana ya fi kowa saninsa, domin shi ne abokin rufin asiri ran da tuwon dare bai kai ko'ina ba. A zuba a kwano, a kawo ruwa da sukari da ƙuli-ƙuli, shi ke nan an kashe wutar ciki. Iyayenmu kuma na Gafasa da sauran garuruwan ƙasar Gaya da Ajingi sun san rogo tun daga gona, sun san dafaffensa da yaji, sun san alabon da ake kwaɓa ɗanwake da shi. To, amma mutum nawa ne a cikinmu suka san cewa a cikin wannan saiwa akwai guba, wadda in ba a fitar da ita ba takan taɓa jijiya da ido da kunne? Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa wajen bin diddigin wannan al'amari ɗan Nijeriya ne, malamin jami'a, likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, sunansa Benjamin Oluwakayode Osuntokun. Yau shekara talatin ke nan da rasuwarsa, ko fiye, amma har yanzu likitoci suna cin moriyar aikinsa. Tarihinsa nake so in gutsura muku, ko ma samu abin koyi.

Asalinsa da Karatunsa

An haifi Osuntokun ran 6 ga watan Janairu, 1935, a wani gari da ake kira Okemesi, cikin duwatsun ƙasar Ekiti, can ƙasar Yarbawa. Okemesi ba wani babban birni ba ne, garin manoma ne da 'yan kasuwa kamar dai namu. Ya yi karatun firamare a ƙasarsu, sa'an nan ya shiga makarantar sakandare ta Christ's School da ke Ado-Ekiti, wadda ta yi suna wajen fitar da malamai da likitoci. Gidansu gidan karatu ne. Wansa Oduola ya yi minista a gwamnatin Jihar Yamma, ƙanensa Akinjide kuwa ya zama shehun malamin tarihi.

Daga nan ya sami shiga Kwalejin Jami'a ta Ibadan, garin da mu Hausawa muke kira Badun. An buɗe wannan kwaleji a 1948, tana ƙarƙashin Jami'ar Landan, watau duk wanda ya gama, digirin Landan ake ba shi. A 1957 aka buɗe babban asibitinta na koyarwa, ba nisa da unguwar Sabo inda fatakenmu na goro da shanu suke sauka. A wannan asibiti Osuntokun ya koyi aikin likita, ya gama a 1961, shekara guda bayan Nijeriya ta sami mulkin kai.

A 1963 wani shehun malamin likitanci mai suna Harold Scarborough ya gayyace shi birnin Kadif na ƙasar Wels don ƙarin ilimi. Wannan Bature shi ne daga baya, a 1970, ya zo Zariya ya shugabanci sashen koyon likita na Jami'ar Ahmadu Bello. A 1964 Osuntokun ya wuce Niyukasil ta Ingila, wurin waɗansu gwanayen likitocin jijiya biyu, Henry Miller da John Walton, kana ya ɗan zauna a babban asibitin cututtukan jijiya na Landan. A 1965 ya tattara ya dawo gida. Ya tarar da Latunde Odeku, likitan fiɗar ƙwaƙwalwa wanda ya komo daga Amurka a 1962, ya riga ya kafa sashensa a asibitin. Suka zama ɗaya yana fiɗa, ɗaya yana bincike da ba da magani.

Fannin da Ya Zaɓa

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu san fannin nan da ya zaɓa. A Hausa jijiya suna ɗaya ne, amma iri-iri ce. Akwai jijiyar da jini ke bi, akwai kuma jijiyar da ke ɗaukar saƙo, ita ce muke magana a kanta. Ku ɗauki ƙwaƙwalwa kamar sarki a fada. Lakar da ke cikin ƙashin baya ita ce babbar hanyar da ta fito daga fada. Jijiyoyin saƙo kuwa su ne 'yan aike, sun ratsa ko'ina har yatsan ƙafa. Waɗansu suna kai umurnin fada ga gaɓoɓi, a ce hannu ya ɗaga, ya ɗaga. Waɗansu suna kawo labari fada, su ce an taka ƙaya, ko ƙasa tana da zafi, ko ƙafar hagu tana gaba ta dama tana baya. Ido da kunne ma kowanne da jijiyarsa. In ɗan aike ya gaza, ko da sarki yana lafiya, gari ya rikice.

Cututtukan wannan fanni mun san su sarai: farfaɗiya, sanƙarau, shan inna, shanyewar ɓarin jiki, ciwon ɓarin kai, da gigin tsufa. A zamanin da Osuntokun ya fara aiki, littattafan da ake koyar da likitoci da su duk a kan marasa lafiyar Turai aka rubuta su. Har waɗansu suna zaton akwai cututtukan da ba su cika kama baƙar fata ba, alhali kuwa ƙidayawa ce ba a yi ba. Sai ya zauna ya bi takardun marasa lafiya kimanin 9,600 da aka gani a asibitin Badun daga 1957 zuwa 1969, ya rarrabe su cuta-cuta, ya buga sakamakon a 1971. Daga nan likitan da ke aiki a ƙasar nan ya sami madubin da zai duba, na mutanensa.

Cutar da ta Addabi Ƙasar Ijebu

A cikin marasa lafiyar da ke zuwa wurinsa akwai waɗansu da kukansu iri ɗaya ne. Yawancinsu manya ne, 'yan shekara arba'in zuwa sama, maza da mata, kuma talakawa ne tilis. Da yawansu daga ƙasar Ijebu da Epe suke fitowa, watau yankin da ke tsakanin Badun da bakin ruwan Ikko. Abin yakan fara da zafi ko jin tsira a tafin ƙafa, kamar ana soka allura. Sannu a hankali ƙafa ta mutu murus, mutum yana taka ƙasa kamar yana taka auduga. Sai tafiya ta lalace, ya riƙa tangaɗi kamar mashayi, yana buɗa ƙafa yana kallon ƙasa. Da dare kuwa abin ya fi muni, domin da ido yake taimaka wa ƙafar, in duhu ya yi sai faɗuwa. Bayan wannan gani ya dushe, ji ya ragu, harshe da leɓe su yi ta miki. Cutar ba ta kisa nan da nan, amma takan mai da manomi ɗan zaman gida, ta mai da 'yar kasuwa abar ja-gora.

Ba Osuntokun ne ya fara ganinta ba. Tun ƙarshen ƙarni na 19 wani likita mai suna Strachan ya ba da labarin irinta a tsibirin Jamaika. A shekarun 1930 waɗansu likitocin Turawa a kudancin Nijeriya sun lura da dushewar gani a wurin mutanen da garin rogo ya yi yawa a abincinsu, har da 'yan makarantun kwana, sun kuma zargi rogon. Daga baya wani likita ɗan ƙasar Kamaru, Gottlieb Monekosso, ya yi aiki a kanta a ƙasar Epe. Amma dai zargi daban, hujja daban. Mutanen ƙauye kuwa, kamar ko'ina, kowa da abin da yake faɗi, wani ya ce jifa ne, wani ya ce gado ne, wani ya ce tsufa ne kawai.

Yadda Ya Bi Sawun

Osuntokun ya ɗauki al'amarin daki-daki. Da fari ya duba marasa lafiya ɗaruruwa da hannunsa, ya rubuta alamomin kowa. Ya auna saurin tafiyar saƙo a jijiyoyinsu da na'urar lantarki, ya ga ya ragu. Ya tambayi kowa garinsu, da sana'arsa, da ruwan da yake sha, da abin da yake ci safe da rana da dare. Nan ya ga bakinsu ya zo ɗaya: rogo da safe, rogo da rana, rogo da dare, nama ko kifi ko ƙwai kuwa sai jefi-jefi. Ya kuma lura cutar takan kama miji da mata a gida ɗaya. Miji da mata ba jininsu ɗaya ba, tukunyarsu ce ɗaya. Wannan ya raunana zancen gado ƙwarai.

Na biyu, ya auna jini da fitsari. In gubar rogo ta shiga jiki, hanta takan juya ta ta koma wani sinadari mai sauƙi da ake kira tayosayanet, wanda ke fita ta fitsari. Watau tayosayanet shi ne sawun da guba ke bari, kamar yadda kura ke barin sawu a bakin turke. Ya tarar da shi ya yi yawa a jinin masu cutar. Da aka kwantar da waɗansunsu a asibiti aka sake musu abinci, sai ya sauka. Da suka koma gida suka koma wa rogo, sai ya sake hawa.

Na uku, da yake zuwa da kai ya fi saƙo, sai ya bar ɗakin duba marasa lafiya ya shiga ƙauye. Shi da Monekosso da wani likita Bature mai suna John Wilson suka zaɓi garuruwa biyu na Yarbawa. Ɗaya Ososa, kusa da Ijebu-Ode, inda rogo ne cimar yau da kullum, musamman wani irin tuwonsa da suke kira purupuru. Ɗayan Akinmorin, kusa da Oyo, inda doya ta fi yawa. Suka duba mutane, suka ɗebi jini, suka lura da abin da ake dafawa. A garin masu rogo cutar ta yi yawa, tayosayanet ma ya yi yawa. A garin masu doya kuwa abin ba haka ba ne. Suka buga wannan a wata babbar mujallar likitoci ta Ingila a 1969. Bai tsaya nan ba, har ɓeraye ya tsare a ɗakin gwaji yana ciyar da su wannan abinci wata da watanni, don ya ga abin da zai faru a jikinsu. A kan wannan aiki ne ya sami digirin digirgir na Jami'ar Ibadan a 1969. Ya kuma sami babban digirin likitanci na Landan a 1971. A 1970 aka naɗa shi shehun malami, yana da shekara 35 kacal.

Yadda Gubar Take Aiki

Rogo baƙo ne a Afirka. Asalinsa daga Amurka ta Kudu ne, Turawan Fotugal suka ƙetaro da shi wajen ƙarni na 16. Ya karɓu domin yana jure fari da gajiyayyar ƙasa, ana kuma iya barinsa a gona har lokacin bukata. Yau babu ƙasar da ta kai Nijeriya nomansa a duniya.

A cikin saiwarsa da ɓawonsa da ganyensa akwai wani sinadari mai suna linamarin. Muddin saiwar tana nan yadda take, yana kwance lafiya. Da an kankare ta, ko an daka, ko an tauna, sai ya gamu da wani abin da ke farfasa shi, gubar da ake kira sayanayid ta fito. Rogo mai ɗaci ya fi mai zaƙi yawanta nesa ba kusa ba, kuma takan ƙaru a shekarar da aka yi fari. Aikin wannan guba shi ne ta hana ƙwayoyin jiki amfani da iskar da muke shaƙa, jijiyoyi kuwa sun fi kowane sashen jiki bukatar wannan iska.

Kada ku ɗauka wannan baƙon abu ne gare mu. Kowane makiyayi ya san ba a sakin dabba a gyauron dawa, musamman in ya sha fari, domin takan kumbura ta faɗi nan take. Kowace uwa ta san ba a barin akuya ta cika ciki da ɗanyen ɓawon rogo. To, gubar da ke cikin gyauron dawa da wadda ke cikin rogo duk sayanayid ce. Iyayenmu sun san ɓarnarta tun kafin a raɗa mata suna a ɗakin gwaji.

Abin da ya sa talaka ya fi shan wuyarta shi ne, hanta ba ta iya juya gubar sai da taimakon farar wuta, ita kuwa farar wutar jiki daga abinci mai gina jiki ake samunta, kamar nama da kifi da ƙwai da nono da riɗi, har da gero. Rogo kansa kusan babu abin gina jiki a cikinsa, ƙarfi kawai yake bayarwa. Saboda haka wanda ba shi da komai sai rogo, ga guba tana shiga, ga babu abin fitar da ita. Ga mari ga tsinka jaka ke nan. Da guba mai yawa ce ta shiga a lokaci ɗaya, da sai amai da jiri da suma, wani lokaci har mutuwa, kamar yadda yakan faru ga yaran da suka ci ɗanyen rogo mai ɗaci. Amma abin da Osuntokun ya nuna shi ne ɓarnar 'yar kaɗan-kaɗan, yau da gobe, shekara da shekaru.

Magani Ya Faskara

Da ya gano inda matsalar take, sai ya juya neman magani. A nan ma bai yarda da ji-ta-ji-ta ba. Ya raba marasa lafiya kashi-kashi, aka ba waɗansu allurar wani irin bitamin mai kama sayanayid, aka ba waɗansu wani bitamin daban, daga baya aka gwada haɗawa da sinadari mai farar wuta, aka bi su wata da watanni ana aunawa. Sakamakon bai yi daɗi ba. Waɗanda cutar ta riga ta ci jikinsu ba su sami wani sauƙin a-zo-a-gani ba. Wani ne da ya ɓoye, ko ya shafa wa abin mai, don kada a ce ya gaza. Shi kuwa ya buga yadda ya gani, a 1970 da 1974. Wannan ya hana likitoci ɓata kuɗin talakawa a kan allurar da ba ta aiki, ya kuma nuna jijiyar da ta daɗe da lalacewa da wuya ta komo. Ashe dai rigakafi ya fi magani.

Rigakafin kuwa yana hannun mata masu sarrafa rogo. A fere shi sosai. In gari za a yi, a gurza, a ɗaure a buhu, a danne da dutse kwana uku ko fiye har ruwan ya tsane ya yi tsami, sa'an nan a soya da kyau. In alabo ne, a jiƙa kwana uku zuwa biyar, a zubar da ruwan, a shanya ya bushe ƙarau. In dafawa za a yi, a zaɓi mai zaƙi, a yanka ƙanana, a dafa ya nuna lugub, a zubar da ruwan dahuwar. Haɗarin yana zuwa ne sa'ad da yunwa ko son kai kaya kasuwa da wuri ya sa aka gajarta kwanakin. An ga haka a arewacin ƙasar Mozambik a 1981, lokacin da fari ya tilasta wa mutane cin rogo mai ɗaci ba tare da cikakken gyara ba, mutum fiye da 1,000, yawancinsu mata da yara, ƙafafunsu suka sandare farat ɗaya. Wannan wata cuta ce daban da ake kira konzo, amma tushensu ɗaya.

Masu binciken da suka biyo bayan Osuntokun sun koma Ososa, suka ba da rahoto a shekara ta 2000 cewa cutar tana nan ba ta ƙare ba. Waɗansunsu suna ganin ban da sayanayid akwai hannun ƙarancin wani bitamin a ciki, ana kuwa ta muhawara. Haka ilimi yake, na gaba ya share hanya, na baya ya ƙara faɗinta. Abin da kowa ya yarda da shi shi ne, cuta ce ta talauci da cin abinci iri ɗaya, kuma shi ne ya sa duniya ta mai da hankali a kanta.

Ƙidayar Gida-Gida

Zuwa ƙauye ya koya masa wani darasi: wanda ya iso asibitin koyarwa shi ne mai kuɗin mota, sauran suna can gida ba wanda ya san da su. Saboda haka shi da abokan aikinsa, da haɗin kan Hukumar Lafiya ta Duniya da wani masani Ba'amurke mai suna Bruce Schoenberg, suka tsara waɗansu 'yan tambayoyi da gwaje-gwaje masu sauƙi, waɗanda ko wanda ba likita ba zai iya yi in an koya masa. A bi gida-gida ana tambaya, a ce wa mutum ya miƙa hannu, ya rufe ido, ya yi tafiya, wanda aka ga alama a jikinsa sai a kai shi gaban likita. Daga baya an yi amfani da wannan tsari a ƙasashe da dama na Afirka da Asiya da Amurka ta Kudu.

A farkon shekarun 1980 suka gwada shi a ƙasar Ibarapa, yamma da Badun. A wani gari mai suna Aiyete suka tarar a cikin kowane mutum 1,000 kimanin 37 suna da farfaɗiya. A Igbo-Ora kuwa, inda suka duba mutum kusan 19,000, kimanin 5 ne kawai cikin 1,000. Garuruwan nan biyu ba su da nisa da juna, kuma duk Yarbawa ne. Bambancin da aka lura da shi shi ne, Igbo-Ora ta daɗe da asibiti da ɗakin haihuwa da allurar rigakafi, domin tun 1963 jami'ar take tura ɗalibanta can koyon aiki.

Wannan magana ta shafe mu ƙwarai. Farfaɗiya ciwon ƙwaƙwalwa ne, saƙonni ne suke rikicewa su tashi gaba ɗaya na ɗan lokaci. Daga cikin abubuwan da ke jawo ta akwai wahalar haihuwa, da zazzaɓin cizon sauro mai hawa kai, da sanƙarau, da buguwar kai a haɗarin babur ko mota. Ba a ɗaukarta ta yawu, ko ta taɓa mai ita, ko ta cin abinci kwano ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajen mutum 7 cikin 10 masu ita za su daina faɗuwa in sun sami maganin da ya dace suna sha a kai a kai. Amma sau nawa aka cire yaro daga makaranta saboda ita? Sau nawa yarinya ta rasa mijin aure? In ɗan'uwanmu ya faɗi a aji, kada mu watse. A kawar da abin da zai ji masa ciwo, a tallafe kansa, a juya shi ya kwanta ta gefe, kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa komai har ya farfaɗo, sa'an nan a kai shi asibiti.

Muƙamansa da Ƙarshen Rayuwarsa

Duk da wannan bincike, Osuntokun bai bar aji ba. Ya shugabanci sashen koyon likita na Jami'ar Ibadan daga 1974 zuwa 1978, ya kuma riƙe asibitin koyarwa gaba ɗaya daga 1985 zuwa 1990, lokacin da tattalin arzikin ƙasa ya shiga matsi. Jami'ar Landan ta ba shi babban digirin kimiyya a 1977. A 1984 aka ba shi lambar yabo ta ƙasa wadda ake ba zaƙaƙuran masana. A ƙarshen shekarun 1980 ya shugabanci kwamitin da ke ba Hukumar Lafiya ta Duniya shawara a kan bincike. Ya rubuta maƙalu na ilimi fiye da 300. Matarsa Olabopo ita ma shehiyar malama ce, likitar ido, sun kuma yi aiki tare a kan dushewar ganin da cutar rogo ke jawowa.

Aikinsa na ƙarshe a kan gigin tsufa ne, watau cutar da ke sa tsoho ya manta sunan 'ya'yansa da hanyar gidansa. A 1992 shi da wani likita mai suna Hugh Hendrie suka fara kwatanta tsofaffin Badun da tsofaffin baƙar fata na birnin Indiyanafolis ta Amurka, 'yan shekara 65 zuwa sama, da ma'auni iri ɗaya. Sakamakon farko ya nuna kimanin mutum 2 cikin 100 ne suke da ita a Badun, a Indiyanafolis kuwa kimanin 8 cikin 100. Kakannin yawancin baƙar fatar Amurka daga Afirka ta Yamma aka kwashe su zamanin cinikin bayi, saboda haka wannan bambanci ya sa masana suka juya ga abinci da hawan jini da ciwon suga da yanayin zama. Tambayar dai ita ce wadda ya yi a Ososa: me mutanen nan suke ci, yaya suke rayuwa?

A shekarar da aka buga wannan sakamako, ran 22 ga watan Satumba, 1995, ya rasu a birnin Kambirij na Ingila bayan rashin lafiya, yana da shekara 60. Aka kawo gawarsa gida Nijeriya. Ɗalibansa suka ci gaba da binciken gigin tsufa kusan shekara ashirin.

Abin da Ya Rage Gare Mu

Iyayenmu, ba cewa ake a daina cin rogo ba. Mu nan Allah Ya rufa mana asiri da gero da dawa da wake da gyaɗa da nono, rogo ƙari ne. Amma waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984 sun san yadda rumbu ke ƙarewa a koma ga abin da aka samu, yau ma tsadar hatsi takan sa gida ya dogara da gari da alabo. A irin wannan lokaci ne ya kamata a kula: a guji gari mai ɗaci ko wanda bai soyu ba, kada a gajarta kwanakin jiƙo, a hana yara cin ɗanye, a kuma haɗa da abin da ya samu na wake ko nono ko kifi. Wanda ƙafarsa ta fara mutuwa, ko ganinsa ya fara dushewa, a kai shi asibiti tun da wuri, domin ciwon suga da kuturta ma suna kashe jijiyar ƙafa, kuma duk suna da magani.

Mu kuma 'yan makaranta, mu duba mu gani. Osuntokun ɗan ƙaramin gari ne, a nan ƙasar ya yi karatunsa na likita, ya je Turai ya ƙaro, ya dawo ya zauna. Babban makaminsa tambaya ce da haƙuri da faɗin gaskiyar abin da ya gani, ko ta yi masa daɗi ko ba ta yi ba. Yankinmu yana da nasa cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiya. Annobar sanƙarau ta 1996 kaɗai ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000, galibinsu a Arewa, waɗansu da suka tsira ta bar su da kurumta ko farfaɗiya. Ana koyar da aikin likita a Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri, ƙofa a buɗe take ga wanda ya dage da lissafi da kimiyya, mace ko namiji. Wanda ya tashi a Gafasa ya san harshen mutanenta, ya san abin da ake dafawa a gidajensu, ya san ruwan da suke sha, tsohuwa ba za ta ɓoye masa ciwon jikanta ba. In mun je hutu, mu zauna kusa da iyayenmu mata sa'ad da suke gyaran rogo, mu tambaye su kwana nawa ake jiƙawa, da dalilin da ya sa ake zubar da ruwan, mu rubuta. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.